Ranar da Gwaggo Ta Mutu a Rediyo

Likitan da ya gaya mata cewa zuciyarta ta gaji bai bar ta ta fita daga ofishinsa ba sai da ya roƙe ta ta yi masa muryar Gwaggo. Ta kuwa yi masa. Ta ɗaure fuska, ta shaƙe murya, ta ce, "Kai yaro, da wannan rubutun naka mai kama da tonon kaza aka ba ka likita?" Ya yi dariya har da dukan tebur, ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ita ma ta samu rabonta. Haka baiwar Allah ta fito da takardar magani a hannu da labarin ajalinta a kunne, ta bar mutum biyu suna share hawayen dariya.

Aikinta ke nan tun tana da ƙuruciya. Gwaggo wata tsohuwa ce a wasan kwaikwayon da gidan rediyon garin yake sakawa duk mako, masifaffiya, mai bakin tsiya, wadda ta taɓa korar ɓarawo da tsintsiya sannan ta bi shi da faɗan ya bar mata ƙofa a buɗe. Ita ke yin muryar tsohuwar, ita ke rubuta yawancin abin da take faɗa. Sunan ya bi ta har ya cinye nata. A kasuwa Gwaggo, a motar haya Gwaggo, a asibiti ma ga shi kun ji. Yaran wurin aiki suna ce mata Anti. Autarta kuwa Umma take kiranta, kuma tun da labarin nan nasu ne su biyu, mu ma Umma za mu ce.

Gwaggo ba ta tsoron uban kowa. Umma kuwa, tun daga ranar nan ta asibiti, tsoro ya shiga jikinta ya baje kayansa. Ba ya ma jiran duhu. Da rana tsaka yake zuwa, tana cikin ɗauraye kofi, sai ta tuna cewa kofin nan mai karyayyen hannu zai ci gaba da zama a kwandon kwanuka bayan ita ba ta nan, sai ta dafa bakin famfo har abin ya wuce. Addu'a kam tana yi, ba ta taɓa fasawa ba, amma tsoron yakan jira ta shafa sannan ya dawo wurin zamansa. Tana jin haushin kanta ƙwarai. Mace ta kai shekarunta, ta aurar da 'ya'ya, ta rufe idon iyayenta, a ce tana rawar jiki don an ce lokaci ya matso? Amma haushin bai rage komai ba.

Abu ɗaya ta ƙudurta: Auta ba za ta gani ba.

Tana da dalili. Auta tana 'yar firamare mahaifinta ya rasu, kuma bai tafi da sauƙi ba. Mutum ne mai sanyin hali, ko akuya ba ya iya yi wa tsawa, amma a kwanakinsa na ƙarshe ya riƙa damƙe ƙarfen gado yana roƙon kada a bar shi, yana kiran sunayen mutane. Yarinyar tana bakin ƙofa, ta gani, ta ji, ba wanda ya tuna ya janye ta. Ta daɗe ba ta iya wucewa ta gaban ɗakin sai da gudu. Har yau da ta girma ta zama malamar makaranta, in wani ya yi tari mai ƙarfi a bayanta sai ta zabura. Yayyenta maza duk sun yi nisa da iyalansu, jinyar uwarsu ta waya suke yi, ita kaɗai ke nan a gidan. Umma ta ce a ranta, uban ya bar wa yarinyar nan abin da ya bar mata, ita ba za ta ƙara mata ba.

Don haka Gwaggo ta tare a gidan, safe da yamma.

"Umma, kin sha maganin?"

"Na sha, uwata. Ko sai na buɗe baki kin leƙa?"

"Me likita ya ce yau?"

"Ya ce in rage gishiri, in rage faɗa. Na ce gishirin dai a ɗauke."

"Umma, don Allah. Yaya kike ji? Tsakaninki da Allah."

"Ina jin yunwa, ina jin kuma kin cika tambaya. Tashi ki duba tukunya."

Sai Auta ta yi murmushi ta tashi. Umma takan bi bayanta da kallo tana jin ta ci wannan zagayen.

Da ƙafafunta suka fara kumburi, hawa matakalar gidan rediyo ya zama aiki, sai ta san dole a san yadda za a yi da Gwaggo. Ta samu Darakta a ofishinsa. Yaro ne a wurinta, ita ta koya masa inda ake tsayawa a gaban makirufo, ga shi yanzu ya yi gemu har da ɗan tumbi. Yana da basira, wannan ba a ƙwace masa. Aibinsa ɗaya: ya fi ganin mutum da kyau in yana bayan gilashi.

"Zan kashe Gwaggo," ta ce masa.

"Haba Anti! Mu ce ta yi tafiya mana, in kin samu sauƙi ta dawo."

"Tafiyar ce za ta yi. Ni zan rubuta, ni zan yi, ba wanda zai taɓa min ko wasali. Ka ji ko?"

Ya ji. Har idonsa ya yi wani ƙyalli da ba ta so ba, amma ta kau da kai.

Rubutun nan shi ya riƙe ta. Da Auta ta fita makaranta, sai ta zauna a teburin kicin da biro da takardu, ta kira mutuwa ta zaunar da ita a gabanta, ta sa Gwaggo ta yi mata tas. A rubutun, tsohuwar tana kwance ita kaɗai a ɗakinta, sai ta ji motsi a ƙofa. "Sai yanzu?" take cewa. "Tun yaushe nake jira, na ɗauka kin ɓata hanya. Goge ƙafarki, yanzu na yi shara." Daga nan ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ta yafe musu, tana yafewa tana tuna musu laifinsu dalla-dalla, ta bar wasiyyar a ba kyanwarta abinci, ta ce wa masu kuka su yi da sauri su gama don akwai wanki. Daga ƙarshe ta ce, "To, mu je. Amma ni ce a gaba, ba na bin bayan kowa." Sai numfashi ɗaya mai sauƙi, shi ke nan.

Abin mamaki, muddin tana kan rubutun nan tsoron yakan ja da baya. Ta goge, ta sake, ta karanta wa bango da murya, ta yi dariya ita kaɗai. Mutuwar da take rubutawa tana jin magana: in ta ce tsaya, ta tsaya, in ta ce koma ki sake shigowa, ta koma. Ta san sarai ba don masu sauraro take yi ba. Auta take rubuta wa. So take su zauna tare su ji, yarinyar ta ga yadda uwarta za ta tafi, da tsiwa da dariya, ta riƙe wannan a kunnenta maimakon wancan na ubanta.

Yanzu sai ku san yadda ake aiki a ɗakin ɗaukar murya, don a nan abin ya lalace. Ɗaki ne ƙarami, bangonsa an lulluɓe da soso, ƙofarsa mai kauri da nauyi. Ɗan wasa yana ciki da makirufo, Darakta da Injiniya mai kula da na'ura suna ɗaya ɓangaren, gilashi ya raba su. In jar fitilar da ke saman ƙofa ta kama, ba mai buɗe ƙofar nan ko gobara ake yi. Wa ya kafa dokar? Umma. Ta taɓa wanke wani mataimakin shugaban tashar tas a gaban jama'a don ya leƙo tana tsakiyar kuka, tun daga ranar ko ƙuda sai ya nemi izini. Ita ce kuma ta koya musu cewa murya ba ta yin ƙarya da kyau sai jiki ya taya ta. In Gwaggo za ta faɗi, Umma faɗuwa take yi da gaske. In za ta jefi wani da takalmi, takalmin yana tashi. Takan bar takarda ta ƙara nata in abin ya zo mata, kuma wanda ya dakatar da ita a lokacin ya shiga uku. Sannan duk yadda ɗauka ta yi kyau, sai an sake ta biyu don ajiya, ko na'ura za ta ci ta farkon. Wannan ma koyarwarta ce.

Ranar ɗauka ta ce ita kaɗai take so a ɗakin. Fitila ta kama. Ta yi mutuwar Gwaggo tiryan-tiryan yadda ta rubuta ta, ba tuntuɓe ko ɗaya. Da ta saki numfashin ƙarshe, ta ɗago ta ga Injiniya, dattijon da bai taɓa yabon kowa ba, yana goge tabarau da gefen riga. Daɗi ya cika ta. Ta ji kamar ta sauke wani kaya da ta daɗe tana ɗauke da shi.

Muryar Darakta ta shigo ta lasifika. "Anti, ba magana. Saura ta ajiya."

Ta gaji, ƙirjinta yana ɗan yi mata nauyi. Amma yaya za ta karya dokar da ta kafa a ranarta ta ƙarshe? Ta kurɓi ruwa, ta ɗaga masa hannu. Fitila ta sake kamawa.

Ta fara lafiya lau. "Sai yanzu? Tun yaushe nake jira." Tana kaiwa wurin goge ƙafa sai wani abu ya damƙe mata ƙirji ya matse. Ta ja numfashi, ya ƙi shiga. Takardun suka zube daga hannunta. Ta dubi gilashi ta ɗaga hannu tana yafuto su. Darakta ya ɗaga mata babban yatsa.

"Ku buɗe," ta ce. "Ku buɗe ƙofa."

Ya matso da fuskarsa jikin gilashi, yana juya hannu alamar ta ci gaba, ta ci gaba. Injiniya ya ƙara wa makirufo ƙarfi don kada ya rasa ko shessheƙa ɗaya. Ta yi taku ɗaya wajen ƙofar, ƙafafunta suka ƙi, ta zube, kujera ta bi ta. A nan ƙasa, kan shimfiɗar da ta sha taka shekara da shekaru, Gwaggo ta gudu ta bar ta. Muryar da ta fito ba a shaƙe take ba, ba tsiwa a cikinta, siririya ce, ta macen da ta firgita.

"Wayyo Allah, ban shirya ba. Ina jin tsoro. Kada ku bar ni. Auta! Ku kira min Auta. Auta, zo ki riƙe ni, ina jin tsoro."

Ta yi ta kira har muryar ta ƙare. Darakta ya bar shirun ya ɗan yi tsawo, yadda ta koya masa a bar wa kowace ɗauka jela, sannan ya kashe fitila ya miƙe yana tafi. Injiniya ne ya lura cewa ba ta tashi ta zage su ba.

Ba ta mutu ba. Ta farfaɗo a gadon asibiti da robar iska a hanci, Auta na gefenta da jajayen idanu. Abin da ta fara yi da ta samu bakinta shi ne ƙarya. Ta ce jiri ne ya kwashe ta a matakala bayan an gama aiki, ta ƙara da cewa matakalar ce ta ji jiki. Da Darakta ya zo dubiya da ledar lemu, ta aiki Auta neman ruwan zafi, ta kama hannun rigarsa.

"A matakala na faɗi. Haka za ku ce, kai da Injiniya."

"To, Anti. Wallahi ba mu sani ba, mun ɗauka…"

"Na san abin da kuka ɗauka, ni na koya muku. Ta farkon za ka sa. Ta biyun ka goge ta yau ɗin nan."

"To, Anti," ya ce, idonsa a kan ledar ƙarin ruwa.

Ta yarda da shi. Wannan shi ne wautarta, ita da ta san shi tun ba shi da gemu. Mutumin da ya samu irin wannan ɗauka a na'urarsa, abin da ba a samu sau biyu a rayuwar aiki, kuna tsammanin yatsansa zai iya danna gogewa? Ba mugu ba ne. Da mugu ne ma da abin ya fi sauƙin haɗiya.

Ranar da za a saka shirin, an riga an sallame ta. Ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, har da turare. Ta ce wa Auta ta dawo da wuri, ta bar gyaran jarrabawar yara zuwa gobe. Da yamma ta yi suka zauna a falo, rediyo a kan ƙaramin tebur kusa da kujerar Umma, tagogi a buɗe saboda zafi. Ta ko'ina a layin ana jin kiɗan buɗe shiri, don labari ya bazu cewa yau Gwaggo za ta tafi.

"Ki saurara da kyau," Umma ta ce. "Ki ga yadda manya ke yi."

Muryar tsohuwar ta cika falon. "Sai yanzu? Tun yaushe nake jira, na ɗauka kin ɓata hanya." Auta ta yi dariya, dariya ta gaske wadda uwarta ta daɗe ba ta ji ba. Umma ta gyara zama, zuciyarta fes.

Sai ta ji ƙarar zubewar takardu.

Ta gane nan take. Ta kai hannu ta murɗe rediyon ya mutu.

"Umma, me ya faru?"

Muryar ta shigo ta taga, daga rediyon maƙwabta na dama, da na hagu, da na mai shagon bakin layi wanda ba ya jin magana sai ya ƙure ƙara. "Ku buɗe ƙofa." Ga faɗuwar kujera. Darakta har da sa wani kiɗa mai taushi a ƙarƙashi, ya gyara abinsa tsaf. "Ban shirya ba. Ina jin tsoro. Auta! Ku kira min Auta."

Umma ta so ta tashi ta rufe tagogin, ƙafafunta suka ƙi. Ta so ta yi magana da ƙarfi ta danne muryar, ta kasa. Haka ta zauna cikin kwalliyarta da turarenta tana jin kanta tana roƙo daga gidaje goma. Auta ba ta motsa ba. Hannuwanta suna kan cinyarta, idonta a kan bango, fuskarta ta koma ta yarinyar nan ta bakin ƙofa. Aka yi kiran har ya ƙare, aka bar shirun ya yi tsawo, sannan aka sa tallar sabulu.

Waya ta fara ruri a kan tebur. Ta katse, ta sake. Maƙwabciya ta ɗaga murya ta kan katanga, tana jan hanci. "Gwaggo! Kin kashe mu yau! Wallahi kamar gaske!"



"Ranar da kika ce jiri ne a matakala," Auta ta ce, ba tare da ta juyo ba.

Umma ta nemo Gwaggo a maƙogwaronta. Ta ɗaure fuska, ta shaƙe murya. "Ke kuma, wasa ne fa. Yau kika fara jin…" Muryar ta tsinke a tsakiya, ta ƙi haɗuwa.

"Gwaggo ba ta haihu ba, Umma. Tun ina ƙarama nake jin shirin nan. Ba ta da Auta." Sai yanzu ta juyo. "Ni kika kira."

"Ke na kira."

"Tun yaushe kike jin tsoro?"

Wayar ta sake ɗaukar ruri. Umma ta dube ta. Ta gaji. Ta amsa da muryarta, wadda gari ya gama ji.

"Tun ranar da likita ya faɗa. Kullum. Yanzu ma haka."

Auta ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi.

"Kullum sai na tambaye ki," ta ce. "In na dawo daga makaranta, a bakin ƙofar nan nake tsayawa in gyara fuska kafin in shigo. Ina cewa Umma ba ta tsoro, kada in ba ta kunya. Ban-ɗaki nake shiga in buɗe famfo don kada ki ji ni. Na ɗauka ni kaɗai ce matsoraciya a gidan nan. Ashe mu biyu ne, kowa da ɗakinsa."

"Don ke na yi, Auta. Na rubuta miki wata, mai kyau. Ba wannan ba ce. Wallahi akwai wata."

"Na sani." Ta kai hannu ta kife wayar a kan tebur. "Ina nan kusa da ke duk watannin nan, da kin miƙo hannu da kin taɓa ni. Amma sai da na ji a rediyo, Umma, kamar kowa."